Hannun Dogara

Dogara wanzami ne a Ƙofar Doka da ke Zariya, kuma hannunsa na dama ya fara rawa. Bai faɗa wa kowa ba. Ranar da gari ya ji, babu uban da zai sake miƙo masa jariri don askin suna.

Ya je asibitin unguwa. Da likita ya gama duba shi, sai Radiya, mai shigar da bayanan marasa lafiya a kwamfuta, ta nemi izininsa. Masu bincike ne ke tattara bayanan masu irin ciwonsa, ko a gano mafarinsa.

"Babu suna, Baba. Mun cire," in ji ta.

"Juyo ta in gani."

Ta juyo masa kwamfutar. Bai iya boko ba, amma ya ƙura mata ido. "Karanta."

"Namiji, shekara saba'in da uku, Ƙofar Doka, wanzami."

"Mu biyu ne wanzamai a Ƙofar Doka. Ɗayan ɗana ne. Kin cire hula, kin bar kai."

Radiya ta goge unguwa, ta sa Zariya. Shekaru ta mayar da su sama da sittin. Da ta zo kan sana'a, ta tsaya.

"Wannan ba ta goguwa. Suna son sanin ko ciwon ya fi kama masu aiki da yatsu."

"To, rubuta hakan."

Ta rubuta: mai sana'ar hannu. Nan take layinsa ya saje da wasu layuka masu yawa. Dogara ya matso da kujera. Da can ya ɗauka shi kaɗai Allah ya jarraba.

"Duk waɗannan hannunsu na rawa? A garin nan?"

"E, Baba."

"Layin da ke ƙasa da nawa, Jibril maɗinki ne ko? Na ga zare na ƙin shigar masa allura."

"Ba zan faɗa ba."

"Ke 'yar nan, ni na aske ki ranar suna."

"Ko sau biyu ka aske ni, Baba."

Tun yana saurayi yake ganin abin da ke ƙarƙashin hulunan manya, sanƙo da tabo da ƙurji, kuma ko matarsa bai taɓa gaya wa ba.

"Ina tawadar?" in ji shi.

Ta kawo takardar izini. Babban yatsansa na rawa, ta riƙe masa har ya dangwala.