Layi Shida na Bakin Rafi

Shekara talatin da huɗu ina auren Lyall, bai taɓa kai farar giya bakinsa ba. Gidansu ja ake sha tun daga kakansa, irin mai nauyin nan da ke rina haƙora. Tawa kuwa ruwan wanke-wanke yake kiranta, ƙannensa su taya shi dariya.

Kullum da yamma nakan fito baranda da kofi biyu, in zuba nawa, in kife ɗayan ko Allah zai sa ya zo. Ina! Yana can ɗakin gangunan giya da jarsa. Da farko abin ya ci min rai ƙwarai, har kuka na sha yi. Daga baya na saba da shan abata ni kaɗai.

Giyar tawa daga layi shida na farin inabi take fitowa, can bakin rafi. Mahaifiyata ce ta yanko min rassan daga gonarta shekarar da na yi aure, na dasa da hannuna. Sauran gonarmu kaf jan inabi ne.

Ranar Lahadi muna tsakiyar cin gasasshen rago, Lyall ya dubi ƙaninsa, ba ma ni ba, ya ce, "Ran Laraba maƙwabcinmu Norm zai kawo tarakta ya tumɓuke layukan rafin nan. Ja za mu sa."

Na ce, "Da izinin wa?"

"Haba Glenys, duk faɗin yankin nan namu na Barossa mutum ɗaya ke shan abin nan."

"To mutum ɗayan mutuwa ta yi?"

Aka fashe da dariya, wai wasa nake.

Laraba gari ya waye da sanyin Yuni, wanda a nan lokacin hunturu ne, raɓa ta daskare a kan ciyawa. Na ɗauki kujera da bargo da kwalba da kofi, na je na dasa kaina a bakin layin farko. Maƙwabcinmu Norm ya iso da taraktarsa, ya gan ni, ya kashe inji.

"Glenys, giya da ƙarfe tara na safe?"

"Taho ka bi ta kaina, Norm. In ya so ka yi wa matarka bayani a coci."

Sai ga Lyall yana huci. "Ke tsohuwa, kin haukace ne? Masu wucewa a titi suna ganinki!"

"Su gani mana. Shekara nawa ina sha ni kaɗai, wa ya kalle ni? Ko kai ba ka kalla ba."

Ya yi faɗa, ya yi lallashi, na ci gaba da kurɓar abata, haƙorana na kaɗawa. Da ya ga ba sarki sai Allah, ya sassauta murya. "To zuba min in ɗanɗana."

Ya duba gefen kujera yana neman kofi na biyu. Na ce, "Ɗaya na kawo."

Ya yi turus. Can ya ɗauki kwalbar ya kafa kai, ya haɗiye da ƙyar, fuska a yamutse kamar yaron da aka ɗura wa magani. "Kai, ba laifi fa."

"Ƙarya kake, Lyall. Ban ce ka so ta ba. Cewa na yi ka bar min ita."

Norm bai jira an sallame shi ba, ya tada inji ya yi baya.

Lyall ya daɗe a tsaye yana murza hularsa. "Anjima za ki fito da kofi biyun?"

Na karɓe kwalbata. "Na daina. Kujera dai tana nan. In za ka zo, ka taho da kofinka da jarka."