Ƙugin Injin Baba

Malama ta tsani injin niƙan mahaifinta tun tana yarinya, amma sai da ta girma ta yarda cewa ba ƙarar ce kaɗai ke ƙona mata rai ba. Abin da ya fi tsaya mata a wuya shi ne ƙanwarta, Auta.

Shekara talatin da ɗoriya Baba ya yi yana tsaye a gaban injin nan, a wani ɗan shago mai rufin kwano a bakin layi, har kunnuwansa suka gaji suka ajiye aiki. A gida, kome aka ce masa sai ya karkato kai ya ce, "Na'am?" Malama, wadda ita ce 'yar fari, takan zo duk Asabar da ledar lemo a hannu da labarai cike da baki: an ƙara mata matsayi a makaranta, ɗalibanta sun zo na ɗaya a gasar karatu. Sai ta faɗa sau uku, tana ɗaga murya kamar mai talla, kafin ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla, Allah ya yi albarka." Daga ganin idonsa ta san rabin zancen ya zube a hanya.

Amma je ka shagon ka ga ikon Allah. Auta, wadda ta bar makaranta tun aji uku na sakandare don boko ya ƙi zama a kanta, ita ke zuba hatsi ta sama, Baba yana tarar gari ta ƙasa. A cikin ƙugin nan da ko tsawa aka yi ba mai ji, su biyun hira suke sha. Da hannu suke yi, da gira, da leɓe. Baba ya murza yatsu biyu, Auta ta san garin bai yi laushi ba. Auta ta kumbura kumatu ta shafi haɓa, Baba ya san telan da ke maƙwabtaka da su ne ke tafe da ƙorafinsa, sai ya tuntsire da dariya har hularsa ta zame. Malama ba ta taɓa ba shi dariya irin wannan ba. Ita da ta yi digiri, ta iya harshe biyu har tana koyar da ɗaya, sai ga shi yarinyar da ko wasiƙa ba ta iya rubutawa ta fi ta iya magana da ubansu. Kishi take yi, ta kuma san kishi ne, sai dai ko a mafarki ba za ta faɗa wa kowa ba.

Duk ran da ta leƙa shagon, Baba na hango ta zai ɗaga hannu, Auta ta kashe injin, a kaɗe mata benci ta zauna. A gaisa, a tambayi yara, a yi shiru. Ita kuwa tana ɗaukar wannan girmamawa ce da ta cancanta.

Wata Talata tana koya wa 'yan aji biyu kalmar da Turawa ke kiran hayaniya da ita. Ta rubuta a allo, ta ja layi a ƙarƙashi, ta ce ma'anarta sautin da ba a so, ko na mota ne, ko na kasuwa, ko shuuu ɗin da rediyo ke yi in tasha ta ɓace. Wata yarinya mai ido a tsaye ta ɗaga hannu.

"Malama, wane ne ba ya so? Ai mai motar yana son ƙarar motarsa."

"Zauna," in ji Malama. "Ba shi aka tambaye ki ba."

Ta koma gida da darasin a kanta, amma ba da tambayar ba. Sautin da ba a so, ai kawar da shi ake yi. In babu injin, babu maganar hannu, in kuwa babu maganar hannu, dole a koma ta baki, inda ba wanda zai kama ƙafarta.

Ta kai Baba asibitin kunne. Likita ya duba, ya ce abin da ya rage na jin kaɗan ne, in ana son a tsira da shi sai ya daina shiga shagon. Malama ta sa ya maimaita maganar a gaban Auta. Aka sayo na'urar ji, 'yar mitsitsiya mai saƙalawa a bayan kunne, aka gyara wa Baba ɗaki a gidan Malama, da labule sabo da kujera mai taushi.

"Yaya, anya zai iya zaman gida?" in ji Auta. "Mutumin da ko ranar hutu sai ya je ya shafa bel ɗin injin?"

"Ke ji da injin, ni in ji da ubana. Ko so kike ya kurumce gaba ɗaya don ki samu abokin hira?"

Auta ta ɗauko masa buta da carbi da tsohon bargonsa, ta ajiye a motar Malama.

Mako uku Malama tana cin nasara. Da ta dawo daga makaranta sai ta jawo kujera kusa da shi, ta karanta masa jarida, ta ba shi labarin shugabar makaranta da halinta. Yanzu yana ji sarai. Yana cewa "To" da "Allah ya kyauta" a daidai inda ya kamata. Amma dariyar nan ba ta zo ba. Ta lura in cokali ya faɗi a kicin sai ya zabura, in jikokinsa suka shigo da gudu sai ya runtse ido. Ya taɓa ce mata, cikin jin nauyi, abin kunnen nan ba ya zaɓe, fanka da kaji da takun mutane duk kwaso masa yake yi ya zuba masa a ka. Ta ce zai saba. Sau biyu ta kama shi yana murza yatsu biyu a kan gwiwarsa, shi kaɗai, yana kallon bango.

Ranar wata Alhamis ta dawo da azahar ta tarar da kujerar ba kowa. A kan tebur ga na'urar, an naɗe ta tsaf a cikin hankici, kamar kayan aro da za a mayar wa mai shi.

Ko jakarta ba ta ajiye ba ta nufi shagon. Tun daga kan kwana ta fara jin ƙugin, ranta yana tafasa, tana tsara abin da za ta faɗa wa Auta. Mata huɗu na layi da robobinsu. Baba na ciki, hannun riga a naɗe, gari har a gira. Auta ta yi masa wata alama da kafaɗa, shi kuma ya riƙe ciki yana dariya, bakinsa a buɗe, ba ka jin komai sai injin. Malama ta tsaya a ƙofa ta ƙwala masa kira. Ko ita ba ta ji muryarta ba.

Sai ya hango ta. Dariyar ta ɗauke. Ya ɗaga hannu, Auta ta kashe injin a tsakiyar niƙa, matar da ke kan layi ta ja tsaki. Shiru ya cika shagon. Baba ya ɗauki tsumma ya kaɗe benci, ya tsaya yana jiran faɗa kamar ɗalibin da ya makara. Nan Malama ta ga abin da ta shekara ashirin ba ta gani ba. Baƙo ake kashe wa inji, a kaɗe masa benci, a jira ya gama gaisuwa ya tafi don a ci gaba da hira. Duk kalmomin da ta tsaro a hanya suka watse.

"Auta," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "tayar da injin."

"Yaya, kanki zai yi ciwo."

"Na ce ki tayar. Amma tsaya tukuna. Yaya ake tambayarsa ko ya ci abinci?"

Auta ta dube ta na ɗan lokaci, ta ga ba gatse ba ne. Ta haɗa yatsu ta kai baki, ta juya tafin hannu sama, ta ɗaga gira. Sannan ta ja igiyar tayarwa, injin ya yi tari sau biyu ya kama.

Malama ta ajiye jaka a kan buhu, ta shiga har inda ƙasa ke rawa a ƙarƙashin takalminta. Ta tsaya gaban ubanta ta yi abin da aka nuna mata. Ko me ta yi, ba daidai ba ne, don Baba ya ƙyalƙyale da dariya, kuma kamar kullum Auta ya fara juyawa ya kalla. Wannan ɗan juyin ya soke ta har cikin ƙirji, ta kusa ɗaukar jakarta. Sai ya juyo, ya kama hannunta da nasa mai kaushi, ya lanƙwasa mata yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya juya tafin sama. Rabon da ya riƙe hannunta tun ranar da ya kai ta aji ɗaya.

Ta sake gwadawa. Ya girgiza kai, ya shafa ciki, alamar bai ci ba. Ta gane ba tare da ta kalli Auta ba.