Furen Kubra a Gefen Albasa

Shekara arba'in Maharazu ya yi yana noman rani a Kura, kuma bai taɓa shuka abin da ba a ci ba. Shi ya sa ranar da matarsa Kubra ta dasa wani ɗan tsiro a gefen fagen albasarsa, abin da ya fara tambaya shi ne yaushe ake girbinsa. Ta ce ba a girbinsa, fure ne, ganyensa ba ya zuba rani da damina, kallonsa kawai ake yi. Ya ce to, Allah ya kyauta.

Wata uku bayan nan Kubra ta rasu, tsiron bai yi fure ko ɗaya ba.

Maharazu ya ƙudurta sai ya ga furen nan da idonsa. Da yake hanya ɗaya ya sani ta nuna wa shuka ƙauna, sai ya bi ta. Ya zuba masa takin zamani kamar tumatir. Duk ranar da aka sako ruwan kanal, sai ya fasa masa kunyar fage ya bar shi tsundum kamar shinkafa. Har feshi ya yi masa, alhali ko tsutsa ba ta kula shi ba.

Tsiro ya yi ganye shar, ya yi ƙiba kamar ragon layya. Fure kuwa, ko alama. Maƙwabcinsa Barau kullum sai ya leƙo ya tambaya ko an fara cikon kwando. Abin yana ci wa Maharazu rai ƙwarai, don gani yake ya kasa riƙe amana.

Sai aka rufe ruwa na mako biyar domin yasar kanal, shi kuma zazzaɓi ya kwantar da shi. Yana kwance ya riga ya yi wa tsiron ta'aziyya a zuci.

Da ya samu sauƙi ya lallaɓa zuwa lambu. Ƙasa ta tsattsage, albasa ta kwanta, tsiron kuwa ya rufe da fararen furanni har ba a ganin ganyen sosai.

Ya daɗe a tsaye. Barau ya zo ya tsaya kusa da shi, yau babu tsokana.

"Ashe ni ne na dame shi," in ji Maharazu.

Barau ya ce da alama.

Maharazu ya share ido da bakin hula. "Haka Kubra ma takan ce da ni."