Kashin Kajin Manaja

Shekara goma sha ɗaya Ɗanliti yana shara a wani gidan kaji da ke bakin Kano, kullum a kan keke daga ƙauyensu na bayan Ungogo. Albashin dai suna ne kawai. Kashin kaji ne ya riƙe shi a wurin. Tun zamanin tsohon mai gidan, duk bazara akan bar wa kowane lebura buhu goma ya kai gonarsa. Da shi 'yar gonar Ɗanliti take ba da geron da matarsa Asiya da yara ke ci, tunda takin zamani ya fi ƙarfin talaka.

Bana kaji sun ninka. An ƙara gine-gine, rediyo kullum sai ta ce arzikin birni ya bunƙasa, manaja Nababa kuwa ya sauya mota sau biyu, har ƙeyarsa ta yi ninki. Lebura ko sisin ƙari bai gani ba. Ɗanliti ya tsani mutumin nan, tsana ta gaske, amma ya danne saboda buhu goman nan.

Ranar da aka saba rabo suka cika buhuna tun safe, wari na hawa musu kai. Sai ga babbar mota. Nababa ya fito da hankici a hanci, ya ce a loda duka, kamfani ya daina kyauta. Ɗanliti ya tuna masa al'adar gidan, ya ce ga hadari ya fara haɗuwa, gonarsa ko kwando ɗaya ba ta samu ba.

"Kai da kake ɗaukar albashi?" in ji Nababa. "Ka saya mana."

Haka ya loda da kafaɗarsa, yana haɗiye zagi.

Da yamma ya tarar da Asiya tsaye a bakin gonarsu, ta zuba wa gonar da ke maƙwabtaka da su ido, wadda wani ɗan birni ya saya bara ya kewaye da waya. Buhuna ne jibge a ciki. Tun daga nesa Ɗanliti ya gane ɗaurin hannunsa a bakinsu. Mai gadin wurin ya ce gonar manaja ce, kuma gobe ana neman masu baza taki, za a biya.

Ɗanliti ya tofar da yawu ya ce gara ya mutu. Asiya ba ta yi musu ba, ta dai ce geron rumbu ba zai kai mako ba.

Washegari Juma'a ce, ranar hutunsa. Ya ɗauki kwandon da ya tanada domin gonarsa, ya wuce ta gaban gonar tasa bai kalle ta ba, ya shiga cikin wayar.