Buhun Yashi a Madadin Furera

A shekarar da damina ta yaudari mutane, gero ya kai gwiwa ya ƙone a tsaye, Na Allah mai gyaran keke ne kaɗai cikin masu sana'ar hannu na kasuwar Gidan Amumune da bai tattara kayansa ya yi kudu ba. Ba don aiki na shigowa ba. Wa zai kawo keke gyara, alhali mai keken ya sayar da shi ya auni dawa? An rufe iyakar Najeriya, sojoji sun tsare hanyoyi, ko sarƙa ɗaya ba ta shigowa daga Jibiya. Amma Na Allah irin mutanen nan ne da in ba su taɓa ƙarfe ba jikinsu ba ya yi musu daɗi. Kullum sai ya buɗe rumfarsa, ya jera sifanu a kan tsumma, ya kifar da kekensa ƙafafu sama, ya kama kwancewa da ɗaurewa.

Keken nan kuwa abin kallo ne. Ba daga kanti ya fito ba, daga gawarwakin kekunan mutane ya tsinto shi gaɓa-gaɓa, har ya fi sabo tafiya. Da kunne yake ɗaure wayoyin ƙafarsa. Sai ya ɗan daki kowace da sifana ya saurara, wadda muryarta ta saɓa da ta 'yan'uwanta ya murɗa ta har ta dawo hanya. Mutumin da ke jin kukan waya ɗaya cikin wayoyi masu yawa, ka ce ba abin da zai wuce shi a cikin gidansa. To ya wuce shi.

A ƙofar gidansa ake ciyayya. Tun zamanin ubansa haka ake yi: bayan magariba kowane magidanci na unguwar ya fito da kwanonsa a haɗa a ci tare, mata kuma su ci nasu a ciki, ba mai ganin cin wani. Da yunwa ta matsa, kwanoni suka fara ɗaukewa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ba a ɗora tukunya a gidansa ba sai ya ce ya ƙoshi, ko ya ƙi fitowa ɗungum. Kwanon Na Allah ne bai taɓa fashi ba. Tuwon jar dawar taimako ne da miyar tafasa, wani lokaci ya fi kama da kunu, amma yana fitowa, kuma a cike. Da shi ake riƙe da dattijai biyu na unguwar, da Iliyasu, wani makiyayi daga wajen Issawane wanda dabbobinsa suka ƙare ƙaf, ya zo ya raɓe a rumfar Na Allah.

"Mai ɗakina ta iya tattali," in ji Na Allah, duk sanda aka sa wa gidansa albarka. Yana faɗa yana jin daɗi har cikin ransa. Bai taɓa zama ya tambayi kansa yadda tiyar da ake ba su take kai su har wani rabon ba, sai ka ce dawa haihuwa take yi a ƙwarya.

Sunanta Furera. Shi dai ba ya kama sunan, matarsa ce ta fari, "ke" yake ce mata. Ciwon ya fara mata da jiri, sai baya ya riƙe, daga nan ƙafafu suka kumbura, fuska ta yi suntum. Aka sha saiwa, aka sha rubutu, ba sauƙi. Har ta kai tana tuƙa tuwo a zaune, ta miƙo kwano ta bayan labule ta koma ta kwanta. Barira, wata bazawara maƙwabciyarsu mai kaifin baki, ita ta tare shi a zaure ta ce ya kai ta likita a Mayahi tun tana iya zama.

Da me? Jakin gidan an ci kuɗinsa tuni. Amalanke na nan birjik, shanun ja ne babu. Motocin soja da ke kawo dawa suna komawa ba kowa a bayansu, amma a lokacin ba a tsai da motar soja, ko kallonta ba a cika yi ba. Sai keke.

"Bayana ba shi ɗaukar girgizar kariyar keke, Malam," Furera ta ce daga kwance. "Hanyar ga duk rami ce. Bari dai in ɗan ji dama."

Wannan maganar ce ta shiga kan Na Allah ta zauna. In girgiza ce matsalar, ai girgiza aikinsa ce. Akwai wata matacciyar mobilet, ƙaramin babur ɗin nan, da aka yasar a bayan rumfar mahauta, ya je ya ciro sifirin biyu na ƙafarta ta baya, murɗaɗɗun ƙarafan nan masu shanye girgiza. Ya sami guntun katako, ya shimfiɗa masa audugar tsohuwar katifa, ya rufe da fatar akuya. Gaban katakon ya maƙala shi a kan kariya yadda zai riƙa ɗagawa yana sauka, bayansa kuma ya ɗora shi a kan sifirin ɗin, kowane da dogon ƙarfe a cikinsa da noti a kai. In ka ɗaure notin kujera ta yi tauri, in ka sassauta ta yi laushi.

"Asirin abin ga guda ne," ya ce wa Iliyasu, wanda ke zaune yana kallo. "In mutum ya zamna, ƙarhen shi nutse kamar yatsa biyu, ba ƙari. Sauran na rami ne. In bai nutse ba, bisa dutse ka aza mutum. In kuwa ya nutse duka, ƙarhe ya bugi ƙarhe, gara ma ba ka sa ba."

"To ka kirawo ta ta zamna mana, ka gwada."

Na Allah ya dube shi kamar ya zage shi. "Iyalina? Cikin kasuwa, gaban maza?"

"Ka kai keken gida."

"In tada marar lahiya don gwajin ƙarhe? Ai na san nauyinta."

Ya kuwa yarda ya sani. Shekarun baya, lokacin da rumbuna ke cike, ya taɓa goya ta a keken nan zuwa suna a Attantané. Furera mace ce mai jiki a lokacin, duk inda yashi ya yi yawa sai da ya miƙe tsaye a kan feda, tana bayansa tana ƙunshe dariya. Da wannan tunanin yanzu ya ɗauko buhu ya zuba yashi, ya ɗaure a kan kujerar, ya hau ya zagaya kasuwa. Ya sauko ya ƙara, ya sake hawa. Bai daina ba sai da cinyoyinsa suka gaya masa cewa haka suka ji a hanyar Attantané. Da ya tuna kumburin, ya ƙara tafi biyu.

Daga nan aka shiga gyaran gyara. Ya bi ta kan kunyoyin wata gona da buhunsa, ya ga kujerar na nutsewa da yawa, ya ɗaure noti. Ya ga in ta nutse tana tasowa da ƙarfi kamar za ta cilla mutum, ya yanko robar tsohuwar taya ya naɗe sifirin ɗin don su riƙa tasowa a hankali. Ya rage iskar tayoyi saboda yashi. Ya sake bin wayoyin ƙafar baya ɗaya-ɗaya da kunne. Kasuwa ta ci, ta watse, ta kusa sake ci, yana nan.

"Kai keke kake jinya ko mata?" Barira ta tambaye shi ta kan danga.

"Saura kaɗan, Yaya. So nike ta isa ba ta ji komi ba."

Gaskiya ya faɗa, don ita yake yi. Amma a faɗi ɗaya gaskiyar: daɗin aikin yake ji. Rabonsa da abin da zai sa hannu a kai ya ga ya gyaru tun kafin damina. Gona ta ƙi, sama ta ƙi, ga abu ɗaya da ke jin maganarsa. Kuma kowace magariba kwano na fitowa a cike, yana ci, yana miƙa wa baƙinsa.

Ranar tafiya, da aka idar da asuba, ya shigo da keken har tsakar gida. Barira ta riƙo Furera suka fito a hankali. Ta yafa zane a kan zane, wai sanyi take ji. Ya riƙe keken da kyau, Barira ta taimaka mata ta zauna a karkace. Na Allah ya durƙusa ya kai ido wajen sifirin don ya ga yatsa biyunsa.

Ƙarfen bai motsa ba.

Ya ɗauka wani abu ne ya cije. Ya sa tafin hannu ya danna gefen katakon, kujerar ta nutse sumul, ya saki ta taso. Lafiyarta ƙalau. Ya ce, "Ke, saki jikinki, ɗauke ƙahwa daga ƙasa."

"Na ɗauke, Malam."

Ya duba, ƙafafun nan masu kumburi suna reto, ba sa taɓa komai. Ya zaro sifana ya sassauta noti. Shiru. Ya ƙara sassautawa, ya ƙara, har notin ya zo bakin ƙarfe yana shirin faɗuwa. Kujerar na nan yadda take, kamar ba kowa a kanta.

"Bari in sauke ki in duba," ya ce, muryarsa ta fara canzawa. Ya manta da kunyar Barira, ya sa hannu biyu ya ɗaga matarsa. Ya tattaro ƙarfin ɗaukar buhun nan, sai ga shi ya yi baya taga-taga, kamar wanda ya sunkuci tulu yana zaton da ruwa. A ƙarƙashin zannuwan hannunsa bai sami komai ba sai haƙarƙari, yana jin su ɗaya-ɗaya.

Ya tsaya riƙe da ita, ya rasa inda zai ajiye ta.

"Mi ya cinye ki haka?"

Furera ta kau da kai. Barira ce ta amsa, ba ta ko ɗaga murya ba. "Kwanon da ka hita ciyayya kullum, daga ina kake tsammani shike cika? Ƙanzo take jiƙawa ta sha, ran da an samu ƙanzon. Na ce ta gaya maka, ta ce in ta rage kwano mutane za su gane gidanku ya karye."

"Yaya, bari," in ji Furera.

Tsoro ya kama Na Allah, irin wanda bai taɓa ji ba, da kunya mai ɗaci. Ya zaunar da ita a kan turmi a hankali. Ya kwance sifirin ɗaya gaba ɗaya ya jefar, ya matso da ɗayan tsakiya, ya warware rabin robar. Aikin da ya ci masa kwanaki, ya rushe shi kafin rana ta ɗago. Da aka sake ɗora ta, kujerar ta ɗan nutse, da ƙyar ta kai yatsa ɗaya. Barira ta ɗaure ta a bayansa da zane kamar goyo.

Abin takaicin shi ne keken ya yi tafiya yadda ake so. Rami bayan rami kujerar na shanyewa, Furera ba ta ce wash ba ko sau ɗaya. Yashin da ya zaci zai sa shi sauka ya tura, a zaune ya ratsa shi. Suka wuce gonaki fetal, da ƙauyukan da aka toshe ƙofofinsu da ƙaya, da ƙasusuwan shanu a gindin gawo. Duk taka feda ɗaya sai ya ji rashin nauyin da ke bayansa, ya tuna lomar da ya yi ta kaiwa baki. Ya so ya roƙe ta gafara, amma bai san yadda namiji ke fara irin wannan magana da matarsa ba. Abin da ya iya fitarwa kawai shi ne, "Kina jin girgiza?"

"Ko kaɗan. Aikin ya yi kyau, Malam."

Rana ta take tsaka suka shiga Mayahi. Farfajiyar gidan likita cike take da mata da yara a kwance a inuwar katanga. Da layi ya zo kansu, wani ma'aikaci mai farar riga, wanda gajiya ta gama cinye wa ido, ya danna babban yatsa a ƙafar Furera. Wurin ya loma, ya ƙi tasowa. Ya ja fatar idonta ya duba, ya kama damtsenta, yatsunsa suka zagaye shi suka haɗu. Sannan ya juyo wajen Na Allah.

"Kai ne maigidanta?"

"Ni ne."

"Yaushe rabonta da abinci? Abinci na ƙwarai nike nuhi."

Na Allah bai sani ba. Shekara da shekaru suna gida ɗaya, bai taɓa ganin ta kai loma baki ba. Mutanen da ke kusa suka zuba masa ido suna jiran amsarsa.

Furera ta ɗago kai da ƙyar, ta gyara zanenta, ta dubi ma'aikacin.

"Jiya ma na ci, likita," ta ce. "Maigidana bai taɓa barina da yunwa ba. Kowa ya sani garinmu, kwanon gidanmu bai taɓa hwashi ba."

Ma'aikacin ya saki damtsenta. Ya sa aka shimfiɗa mata tabarma a ciki, aka dama kunu mai ruwa-ruwa aka riƙa ba ta da cokali. Cikinta ya riga ya manta da abinci, abin da ya shiga sai ya dawo. Na Allah na zaune a gefenta riƙe da cokalin, yana roƙonta ta ƙara ko ɗaya, har ranar da ta daina buɗe baki. A Mayahi aka yi mata sutura, cikin baƙin mutane.