Kaset Mai Salatif

Duk kaset ɗin bidiyon da ke kan kantar Baba yana da wani ɗan rami a gefensa. Ina ƙarama nakan bi su ɗaya bayan ɗaya ina zura ɗan yatsana a ciki. Baba ne ya gaya mini amfanin ramin. Da akwai ɗan harshen roba a wurin, idan aka ɓalle shi na'ura ba za ta ƙara yarda a ɗauki wani abu a kan kaset ɗin ba. Ya ce abin da mutum ba ya son rasawa shi yake ɓalle wa harshe.

Kantar ta kai rufin ɗaki, kuma ƙungiya ɗaya ce ta cika ta: Kurage Densha, samari masu dogon gashi da jita mai tsawa, waɗanda suka fitar da faifan Hayaƙin Tashar Ruwa tun kafin iyayena su san juna, daga baya suka watse da faɗa. A gidanmu na Takaoka ba a cika magana ba, wurin Baba na gado kunya. Idan na ci jarrabawa sai ya ɗora gefen farko na faifan. Ranar tunawa da Mama kuwa gefe na biyu, mu zauna mu ci shinkafa da kifi har allurar garmaho ta ɗaga.

Mama ta rasu ban cika shekara biyu ba. Hotunanta suna nan, amma ban san muryarta ba. Sau ɗaya tak aka taɓa ɗaukarta a bidiyo, ranar da na cika shekara, da kyamarar aro. Da na isa tambaya, Baba ya ce wani abokinsa Nonomura ya ari kwali guda na kaset-kaset, na Mama ya shiga ciki bisa kuskure, mutumin kuma ya tashi daga garin bai bar adireshi ba. Ya faɗa sau ɗaya, yana kallon ƙasa, ban sake tayar masa da maganar ba. Na girma ina jin haushin mutumin da ban taɓa gani ba, ina kuma ƙirƙira wa Mama murya siririya mai sanyi, irin wadda nake ganin ta dace da fuskarta.

Bayan na gama jami'a na samu aiki a ɗakin adana tsofaffin takardu a Kanazawa, a nan na koyi cewa abin da ya ɓata ba a nemansa kai tsaye, abin da ke kusa da shi ake nema. Na tuna Baba ya taɓa cewa a cikin kwalin nan har da wani shiri da ya ɗauka daga talabijin, wanda aka tara 'yan Kurage Densha suka ba da labarin yadda aka yi faifan. Sau ɗaya aka nuna shi, a hutun sabuwar shekara. Na rubuta wa tashar, suka amsa cikin ladabi cewa a zamanin akan goge tsofaffin shirye-shirye a ɗora sababbi. Na ji daɗin wannan amsa. Idan shirin ya yi wuya haka, to duk wanda ke da shi, shi ne mai kwalin.

Na shiga dandalin masoya ƙungiyar a intanet da sunan aro. Yawancinsu sa'o'in Baba ne, kuma ba su da aiki sai musu. Wani ya ce ba a taɓa yin shirin ba, mafarki tsofaffi suke yi. Wani ya rantse ya gani da idonsa, mai ganga har kuka ya yi. Wani ya tambaye ni ko na san sunan waƙa ta uku a gefe na biyu kafin in zo ina damun manya. Na sani, amma ban amsa ba. Haka damina ta wuce, kaka ta shigo.

Sai wata mata ta rubuto mini a keɓe. Ta ce akwai wani tsoho mai shagon kofi a Onomichi da ke nuna wa abokan cinikinsa shirin duk sabuwar shekara. Ba ya ba da aro, ba ya yarda a kwafa. Abin da ya fi ba ta dariya, in ji ta, shi ne da an kusa ƙarshe sai ya tashi ya tsaya jikin na'urar, yatsa a kan maɓalli, da sunayen ma'aikata sun fara hawa allo sai ya kashe. Sunan shagon ta sani, sunan tsohon kuma Nonomura.

Ban gaya wa Baba ba. A cikin jirgin ƙasa na yi ta bitar abin da zan faɗa, magana mai kaifi wadda ban taɓa yi wa kowa irinta ba.

Shagon yana kan tudu, sai an hau matakala masu yawa. Na shiga da hantsi, ba kowa sai wani tsoho mai sanƙo da 'yar jelar furfura a ƙeya, yana goge kofuna. Ya ɗago ya dube ni, kofin ya tsaya a hannunsa.

"To fa. Sumie ce ta shigo, ko idona ne ya gama aiki?"

Sumie sunan Mama ne. Duk abin da na haddace ya gudu. Na rusuna na ce sunana Minori, 'yar Hagiwara Tsutomu.

"Na sani mana. Wannan sunkuyar da kan ai na ubanki ne, kamar wanda ya zubar da miya a gidan surukai. Zauna. Kuma kada ki ce mini Nonomura-san, Kawu za ki ce. Kin taɓa yi mini fitsari a kan wando mafi tsada da na mallaka."

Ya haɗa mini kofi ba tare da ya tambaye ni ba, yana ta surutu: ko Tsutomu har yanzu yana wanke faifai kamar jariri, ko har yanzu yana cewa mai jitan ƙungiyar ya fi mai waƙar. Ban tsammaci zai zama mutum mai daɗin zama ba, hakan ya ƙara mini haushi. Can dai na ce na zo ne saboda kwalin.

Ya tambaye ni wane kwali. Na faɗa masa yadda Baba ya faɗa mini, ina kallon kofin. Da na gama sai ya ajiye abin da ke hannunsa. Na ɗago, na ga dariyar ta bar fuskarsa gaba ɗaya.

"Haka ya ce miki? Cewa na gudu da shi?"

Na gyaɗa kai. Ya ce duk sabuwar shekara yana aika wa Baba katin gaisuwa daga wannan adireshin, tun ranar da ya buɗe shagon. Sannan ya shiga ciki ya fito da kaset guda ɗaya a cikin ƙyalle. Ya ce ba kwali, wannan kaɗai ne, kuma ba aro ya yi ba, kawo masa aka yi.

Na karɓa, kuma kafin in yi tunani yatsana ya tafi gefen da ya saba zuwa. Bai samu rami ba. An rufe shi da salatif, ya tsufa ya yi ruwan ƙasa, amma an manna shi a miƙe, an yanke bakinsa da almakashi. Na san hannun da ke manna abu haka.

Kawu ya juya allon ƙofa ya nuna an rufe, ya saka kaset ɗin. Ya ce tsohon zare ne, ba ya son a ja shi da gudu, sai dai mu kalla daga farko. Haka na zauna na kalli shirin da na yi watanni ina nema. Dattawa huɗu a ɗakin ɗaukar sauti, ba mai kallon wani. Sun yi bayanin yadda suka ɗauki ƙarar jirgin ruwa da asuba suka sa a farkon faifan, da yadda mai waƙar ya rera waƙa ta ƙarshe yana fama da mura, aka bar ta haka. Mai ganga ya yi kuka da gaske. Shiri ne mai kyau, ba zan yi ƙarya ba. Na san Baba ya kalle shi bakinsa a buɗe.

Sunaye suka fara hawa allo. Kawu ya motsa kamar zai tashi, sai ya koma ya zauna, ya ɗora hannuwansa a gwiwa.

Allon ya yi yayyafi, hoto ya yi rawa, sai ga ɗakinmu na Takaoka. Ga kantar nan a baya, rabinta a cike. Wata jaririya da aka ɗaura wa ƙaton dunƙulen moci, irin tuwon shinkafar bikin cika shekara, a baya ta yi taku ɗaya ta zauna daɓas. Wata mata ta shigo da gudu a durƙushe, bayanta ga kyamara, sannan ta juyo tana dariya.

"Ta faɗi! Tsutomu, kai dai ba ka da kirki, ajiye abin nan ka zo ka ɗaga 'yarka."

Muryar mai kauri ce, a ɗan dishe, da karin harshen mutanen bakin teku. Ko kusa ba ta yi kama da wadda na ƙirƙira ba. A bayan kyamara wani mutum yana ƙyaƙyata dariya har hoton na girgiza, dariyar da ban taɓa ji a gidanmu ba. Matar ta buɗe baki za ta ƙara magana, sai zaren ya ƙare.

Kawu ya ba ni sauran labarin yana kallon allon da ya yi shuɗi. Ranar da za a nuna shirin ƙanƙara ta rufe hanya, kantuna suna hutun sabuwar shekara, Baba kuma ba shi da sabon kaset. Mama ta riga ta tafi da ni gidan iyayenta. Ita ce da kanta ta ɓalle wa wannan kaset harshe, sai Baba ya rufe ramin da salatif ya ɗora shirin a kansa. Da ta dawo ta gane, ta yi kwanaki ba ta yi masa magana ba, shi kuma ya yi ta cewa da bazara za su sake aron kyamara. Kafin bazarar ta ƙare tana asibiti. Bayan jana'iza ya kawo wa Kawu kaset ɗin, ya ce ba zai iya kallonsa ba, ba zai kuma iya yar da shi ba.

"Na ɗauka idan kin girma zai aiko ki ki karɓa," in ji shi. "Na yi ta jira. Ashe ɓarawo nake ban sani ba."

Ya naɗe kaset ɗin ya miƙa mini. Na ce abokan cinikinsa fa? Ya ce sun kalla har sun haddace, su je su nemi wani abin yi.

A hanyar dawowa na yi ƙoƙarin yi wa Baba uzuri. Yana da ƙuruciya a lokacin, bai san abin da ke tafe ba. Amma duk inda na kai da tunani sai in dawo kan kantar da na gani a bayan Mama, rabinta a cike.

Na same shi da rana a falo, yana goge faifai da ɗan burushinsa. Ya yi mamakin ganina a tsakiyar mako, ya tashi zai ɗora ruwan shayi. Na kwance ƙyallen na ajiye kaset ɗin a kan teburi, gefen salatif yana kallonsa. Ya koma ya zauna a hankali.

Na ce Kawu Nonomura yana gaishe shi. Ya zuba wa kaset ɗin ido. Na ce ban zo tambayar dalilin da ya sa ya yi mini ƙarya ba, wannan ina jin na gane, ko da yake ban san yadda zan yi da shekarun da na yi ina tsanar mutumin kirki ba. Abu ɗaya nake son sani.

"Baba, kanta cike take da kaset. Me ya sa wannan?"

Ya juya ya dubi kantar, ya daɗe yana dubanta, kamar amsar tana rubuce a bayan ɗaya daga cikinsu.

"Waɗancan duk na ɓalle musu harshe," ya ce, da ƙyar ake jinsa.

"Shi ma an ɓalle masa."

Ya miƙa hannu ya shafa salatif ɗin da babban yatsa, ya janye. Na jira ko zai ƙara wani abu. Na ga idonsa ya kai kan faifan da ke gabansa, na gane so yake ya ɗora shi, gefe na biyu, mu zauna shiru har allura ta ɗaga kamar yadda muka saba. Na girgiza kai.

Tsohuwar na'urarmu tana nan a ƙarƙashin talabijin, yana kula da ita har yau. Na durƙusa na saka kaset ɗin, na mayar da zaren baya kaɗan, daidai inda nake so. Na ce masa zan ji muryar uwata a cikin ɗakinta, idan yana so ya zauna.

Na'urar ta fara gunji, sunayen ma'aikata suka fara hawa allo. A bayana na ji ya mayar da faifan cikin jakarsa, ya jingina shi da bango. Na ji takunsa zuwa bakin ƙofa, da ɗan lokacin da ya ɗauka yana sa takalmi. Allon ya fara yayyafi lokacin da ya ja ƙofar a hankali ya rufe.