Gwaggo Hajo da Mataki na Sha Tara

Da hannunta Juwairiyya ta goge duk abin da ke cikin kwamfutar, tana yi tana dariya, sai ka ce ba ita ta shafe wata huɗu tana wahala a kai ba.

Abin da ta goge ɗin allon sanarwa ne na ƙungiyar masu kiwo da dillalan dabbobi a Daura. Tsohuwar kwamfuta ta tsinta a ofishinsu, gizo-gizo ya yi mata saƙa, ta zuba mata Linux, manhajar nan da kowa ke iya ɗauka ya gyara yadda ya ga dama, ta ɗora allon a kai. Duk wanda ya zo kusa da ofis sai ya haɗa wayarsa, babu ruwansa da data, ya rubuta cigiyar akuya ko ya duba ranar zuwan mai allurar shanu.

Ana cikin jin daɗi sai ga takardar hidimar ƙasa, ranar Asabar za ta tafi. Alhaji Sabiru, shugaban ƙungiyar, bai yi wani kwana-kwana ba.

"'Yar nan, abin da mutum ɗaya ya san kansa ba namu ba ne. A samo wanda zai tada shi daga tushe ba ki sa baki ba. In babu, a zare filogi mu huta."

Kwana uku ta yi tana rubuta matakai talatin da ɗaya da Hausa a littafi mai jan bango. Saƙonnin mutane ta kwashe su a filashi kafin ta goge komai. Sannan, don a sami mai tada allon, ta ɗauko ƙanwar mahaifinta, Gwaggo Hajo, wadda ta yi shekara ashirin da shida tana buga tafireta kafin ta yi ritaya.

Ranar Alhamis da hantsi ofis ya cika har taga. Alhaji ya san bakin Juwairiyya ba ya shiru, don haka ya miƙa mata moɗa ya ce ta guntsi ruwa, in ta haɗiye ko ta furzar to ta faɗi. Ta guntsa, kumatu suntum.

Gwaggo ta gyara tabarau ta fara. Kai, ashe hannu ba ya tsufa! Yatsun nan suka dinga rawa a kan maɓallai, baƙin gilashin kwamfutar na zubo fararen haruffa. An wuce sa wa na'ura suna, an wuce buɗe ƙofar da wayoyi ke shigowa. Juwairiyya sai buga ƙafa take yi don murna.

Mataki na sha tara ya ce: "Rubuta kalmar sirri." Gwaggo ta buga. Ko ɗigo bai fito ba. Ta tsaya.

Haka Linux yake a nan, ba ya nuna kalmar sirri ko da tauraro ɗaya, amma yana karɓa. Juwairiyya ta saba har ta manta abin mamaki ne, ba ta rubuta a littafin ba. Kalma huɗu za ta faɗa a wuce wurin, ga su kuma a bayan ruwan da ke bakinta. Haushin kanta ya kama ta har idonta ya kawo ƙwalla.

"To, ta mutu ke nan," in ji wani dillali daga taga. Alhaji ya fara duban filogi.

Gwaggo ba ta ko waiga ba. "Alhaji, dakata. Da can a tafireta in ribon tawada ya bushe, takardar sama fara take fitowa, amma ka ɗaga ka ga ta ƙasan kabon ta ɗauki komai. Ni na san abin da yatsuna suka buga."

Ta danna maɓallin shigarwa. Haruffa suka sake zubowa.

Sauran matakan kamar shan fura. Ta sa filashi, saƙonni suka dawo, sallamar allon ta fito. Wani mai raguna daga Kongolam ya ɗaga wayarsa sama yana ihu, ga cigiyar tunkiyarsa nan inda ya bar ta. Mata biyu a ƙofa suka rangaɗa guɗa. Juwairiyya ta haɗiye ruwan da ƙarfi har ta ƙware, tana tari tana dariya.

"Filogi ya zauna," in ji Alhaji.

Juwairiyya ta miƙa hannu za ta karɓi littafin ta gyara kuskurenta, Gwaggo ta kaɗe hannun. Ta zaro biro daga jaka, ta rubuta a ƙasan mataki na sha tara: "Ba za ka ga komai ba. Kada ka ji tsoro, ci gaba."

Ta rufe littafin ta sa a jakarta. "Je ki haɗa kayanki, 'yar nan. Wannan kuma namu ne yanzu."